Gurbin Mai Riƙe Fitila

Wata biyu da rasuwar Baba, Umma ta ajiye kofin shayinta ta ce wa Auta, "Fuskar babanku tana kuɓuce mini."

Auta ta ɗauka wasa ne, ta yi dariya. Umma ko murmushi ba ta yi ba.

"Muryarsa tana nan, tarinsa ma yana nan. Amma in na rufe ido na nemi fuskar, sai ta narke. Ke da kike mai hoto, ki nemo mini shi."

Abin kunya ne a faɗa, amma gidan mai hoto guda babu hoton maigidan. Baba mutum ne da in ya ga kyamara ta juyo wajensa, nan take zai tuna ya bar famfo a buɗe. Guda ɗaya tal ake da shi, na tsohon katin shaida, kuma Umma ta ce wannan ba mijinta ba ne, wani bawan Allah ne da aka tsorata.

Sana'ar Baba gugar duwatsun zobe. Zai yanko aƙiƙ ko yasfa, ya bi shi da haƙuri a kan injin guga har samansa ya yi tudu kamar rabin ƙwai, sumul, ƙuda ma sai ya zame. Shekara shida Auta ke ɗaukar hotunan duwatsun don masu saye daga nesa, a ƙaramin ɗakin da ke jikin shagonsa. Kowane dutse sau uku ake ɗaukarsa: da hasken taga, da haske daga ƙarƙashi, sannan da fitila daga gefe. Aƙiƙ yana shan haske, in an haska shi ta ƙasa sai layukan cikinsa su fito ɗaya bayan ɗaya. Yasfa kuwa kurma ne, haske ba ya shigarsa, sai an lallaɓo shi ta gefe kafin jansa ya nuna. Wannan fitilar ta gefe Baba ke riƙe ta da hannunsa. Auta ta sayo ƙarfen ɗora fitila, ya ce ƙarfe bai san inda dutse yake so a taɓa shi ba.

To, gogaggen dutse kamar ƙwayar ido yake, duk abin da ke ɗaki sai ya kwaso. Taga ta fito a jikinsa, tebur ya fito, sannan a gefen hagu ga wani ɗan mitsitsin tsoho a lanƙwashe riƙe da fitila.

"Baba, ka sake shiga dutsen," in ji Auta, kullum.

"To fitar da ni mana. Ba aikinki ba ne?"

Aikinta ne kuwa, kuma ta iya shi, har tana taƙama. Za ta zauna gaban kwamfuta, ta ɗauki alƙalamin gyaran hoto, ta zagaye shi, ta cike wurin da launin dutse. Da ta gama sai ta share hoton asali, don kwamfutar ba ta da wuri. Ita ba mai tara shara ba ce, haka take faɗa.

Ranar da Umma ta yi maganar, Auta ta wuce shagon tun da hantsi da ƙarfin gwiwarta. A cikin dubban hotuna ai ba za a rasa wanda ta manta gogewa ba. Ta buɗe na bana, ta buɗe na bara, ta koma har shekarar farko lokacin hannunta bai faɗa ba. Tas. Ko guda ba ta bari ba. Ta ji haushin kanta irin wanda ba ta taɓa ji ba.

Don kada ta zauna tana kallon bango, ta jawo tiren da Baba ya bari, duwatsu tara na ƙarshe da ya goge. Ta ɗora jan yasfa a kan baƙin ƙyalle, ta kakkaɓe ƙarfen nan da aka raina, ta ɗaura masa fitila. Ta sa ido a kyamara. Hasken ya yi ƙasa da yawa, dutsen ya fito kamar busasshiyar hanta.

"Baba, ɗan ɗaga," ta ce.

Sai da maganar ta fita ta ji abin da ta faɗa. Ba ta ɗago ba. Tana nan sunkuye, ido a kyamara, sai kan fitilar ya ɗan karkace, hasken ya zame a hankali ya hau kafaɗar dutsen, jan ya buɗe daidai yadda ake so. Ta san maɗaurin ƙarfen a kwance yake, ita ce ma ba ta matse shi ba. Duk da haka ta daɗe ba ta iya waiwayawa hagu ba. Da ta waiwaya, ƙarfe ne da bango, sai tabon man inji a ƙasa inda Baba yake tsayawa.

Ta zuba hoton a kwamfuta ta jera shi da wani tsohon hoton yasfa. A sabon, gefen hagu cike yake da tarkace: ƙarfe, waya, tsagar bango. A tsohon kuwa wurin ya yi santsi fiye da kima. Ta ƙara girmansa. Ɗigon dutsen da jijiyoyinsa suna tafiya, suna tafiya, sai su iso wani wuri su ɗan dushe, kamar inda aka cire kalanda daga bango. Wurin yana da kai. Yana da wuya, da hannu a miƙe.

Ta buɗe wani, yana nan. Ta buɗe aƙiƙ mai ruwan zuma, yana nan tsakanin layuka. Da ido ya gane shi, shi ke nan, ba ya sake ɓacewa. Ta mayar da hotunan ƙanana suka cika allon, layi bayan layi, kuma a kowane dutse ga gurbin mutum tsaye a hagu yana jira a ce ya ɗaga. Ta ji tsoro, ta kuma ji kewarsa har cikin haƙarƙarinta.

Da la'asar ta kai wa Umma guda ɗaya da ta buga a babbar takarda. Ba ta yi bayani ba. Umma ta sa tabarau, ta matsa kusa da taga, ta daɗe tana dubawa. Can ta ɗora yatsa.

"Ga kafaɗar nan tasa da ta fi ɗaya sauka. Ga kunnen." Ta ɗago. "Ina sauran?"

"Na goge, Umma."

"Ke da hannunki?"

"Da hannuna. Kullum, shekara shida."

Auta ta jira faɗa, da ma ta fi son a yi mata. Umma ta juya takardar ta baya, ta laluba cikin gwangwanin maɓallai ta ciro guntun fensir.

"To ai hannun ya san hanya. Bi shi."

Auta ba ta iya zane ba, ko kyanwa ta zana sai an tambayi mece ce. Amma da fensirin ya taɓa takarda sai hannun ya tafi abinsa, bai nemi shawararta ba. Ya faro daga gwiwar hannu kamar kullum, ya hau kafaɗar da ta sauka, ya kewaye kunne, ya bi ƙeya, ya gangaro ta doron da shekaru a kan injin guga suka yi masa. Har ɗan yatsan da yake ɗagewa in ya riƙe fitila ya fito. Umma ta kama bakinta.

"Shi ne. Wallahi shi ne. Ci gaba, 'yar nan, saura fuskar."

Fensirin ya tsaya a tsakiyar kan. Auta ta matsa, hannun ya ƙi. Sai a lokacin ta tuna yadda take yi. Fuskar ce ta fi kusa da fitila, ita ta fi haske, don haka ita take fara sharewa, da dangwale ɗaya, kafin ma ta zagaye sauran. Ba ta taɓa tsayawa ta dube ta ba.

"Umma," ta ce, "nan ban sani ba."

Umma ta dubi farin wurin, ta dubi 'yarta. Ta zare fensirin daga hannunta a hankali ta mayar cikin gwangwani. Sannan ta ɗauki takardar da hannu biyu ta ɗaga ta saitin taga, tana ɗan karkata ta hagu da dama, yadda Baba yake yi wa aƙiƙ in yana neman abin da ke ciki.