Alawar Aljihun Baba

Kwastan Baba yake kiranta, kuma sunan ya bi ta har ƙannenta suka ɗauka. A shagon wanki da guga take aiki, inda dokar farko ita ce a laluba aljihu kafin tufa ta taɓa ruwa. Hannu ya riga ya saba. Da likita ya ce mahaifinta yana da ciwon suga, sai ta kwaso dokar shagon ta kawo gida, ta ɗora wa tsohon.

A gaskiya shi ma Baba ya ja wa kansa. Mutum ne mai son zaƙi na fitar hankali. Ta taɓa tsintar ƙullin suga a cikin safarsa, ta taɓa zaro biskit daga rigar matashinsa, kuma duk ranar da aka kama shi sai ya rantse na jikoki ne, jikokin da sai a yi watanni ba su leƙo gidan ba. Takan ce masa ƙuda wajen kwaɗayi akan mutu, shi kuma ya yi dariya ya ɗaga hannuwa sama a caje shi. Mahaifiyarta kafin ta rasu ta ce mata ta kula da babanta, ba ya jin magana. Wannan amanar ta riƙe, ta riƙe ta da ƙarfi.

Abin da Baba ya fi so fiye da zaƙi shi ne motarsa. Shekara da shekaru yana jan bas ɗin wata makarantar yara. Ya san ƙofar da sai an yi hon sau biyu, ya san yaron da kullum yake fitowa da takalmi ɗaya a hannu. 'Ya'yansa sun sha roƙonsa ya huta, yakan ce ranar da ya saki sitiyari, ranar tsufa zai cim masa. Farar rigar aikinsa mai aljihu biyu a ƙirji, Kwastan ce take goge masa ita kowace safiya.

Ranar da aka sauya masa magani daga ƙwaya zuwa allura, ba ta raka shi asibiti ba, domin zannuwan gadon wani otal sun cika musu shago. Da ya dawo ya ce nas ta umarce shi ya riƙa yawo da alawa a aljihu, wai suga yadda yake hawa haka yake faɗuwa, musamman ga mai yin allura. Ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Haba Baba, mai ciwon suga a ce masa ya riƙa yawo da alawa? Ka nemo wata dabarar, wannan ba ta shiga ba."

Ya so ya ƙara bayani, ta ce mai hali ba ya fasa halinsa. Ya sayo abarsa ya ɓoye a aljihun hagu, ya sa maɓalli.

Wata safiya tana guga, dutsen ya yi tuntuɓe da wani abu. Ta zaro alawar, ta jefa a jakarta, ta mayar da maɓallin yadda yake don kada ya gane. Har wani daɗi ta ji, ta kama ɓarawo ba tare da hayaniya ba. Baba ya yi allurarsa, ya kurɓi shayi, ya bar burodin a faranti don ya makara. Ta bi shi da kallo har ya fita, aljihunsa a shafe sumul.

Da hantsi aka kira ta a waya. Malamar da ke raka yara a mota ce ta ba ta labarin a barandar asibiti. Ta ce ta ga gumi yana keto masa alhali ba zafi ake yi ba, hannunsa yana rawa a kan sitiyari, sannan ya wuce kwanar da ya fi kowa sani. Ta yi masa magana, ya ba ta amsar da ba kai ba gindi. Ta ga ya ɓalle maɓallin aljihunsa ya laluba, ya koma ɗayan, ya sake dawowa na farkon. Da sauran hankalin da ya rage masa ya karkata motar gefen titi, ta gogi katanga ta tsaya. Babu yaron da ya ji ciwo. Amma mutane sun taru, wasu suna ɗaukarsa a waya, ana cewa tsoho ya sha ya bugu da 'ya'yan mutane a mota. Wata mai kanti, wadda mijinta ke da irin ciwon, ita ce ta ture jama'a ta kafa masa lemon kwalba a baki tun yana iya haɗiya.

Kwastan tana tsaye a gefen gadonsa nas ɗin ta shigo, gajeriyar mace mai kaifin baki. Ta tambayi Baba ina alawar da ta ce kada ya taɓa rabuwa da ita. Jakar tana rataye a kafaɗar Kwastan, alawar tana ciki. Ta buɗe baki, amma ya riga ta.

"Mantawa na yi, 'yata. Kin san tsufa."

Bai ko dubi inda take ba. Nas ta yi ta faɗa, shi kuma yana ba da haƙuri kamar ɗalibi.

Shugabar makarantar ta zo gida da kanta, ta yi magana mai daɗi. Ta ce ita ta yarda ba sha ya yi ba, amma iyaye sun ga hoton, kuma ba wanda zai sake sa ɗansa a motar. Kwastan ta je ofishinta washegari ta faɗi gaskiya, har da kuka. Matar ta ba ta ruwa, ta ce ta fahimta, sai dai an riga an ɗauki wani. Baba ya mayar da mabuɗi.

Da ya zage ta, da ta samu sauƙi. Bai taɓa tayar da maganar ba. Ta cika gidan da alawa, a kan tebur, a gefen gado, a kowane aljihu, ya yi murmushi ya ce yau Kwastan ta buɗe boda. Amma dariyar ba ta kai ciki ba, kuma ta lura da safe, in bas ɗin ta kusa biyowa ta layinsu, sai ya tashi daga ƙofar gida ya shige ɗaki ya ƙara sautin rediyo.

Ran nan hannunta ya kai ga farar rigar bisa sabo. Ta shimfiɗa ta, ta jona dutsen guga, ta sa alawa a aljihun hagu. Baba ya tsaya a bakin ƙofa yana kallonta, ya rame, wandonsa ya yi masa yawa.

"Bar wannan, Kwastan," ya ce a hankali. "Ina zan je da ita?"