Mangwaron Bayan Coci

Mahaifina, Malam Yusufu, mutum ne da idan ya kama magana ba ya sakin ta sai ta gaji don kanta. Ya yi shekara talatin da ɗoriya yana koyarwa a firamare a Jega. Ya ajiye aiki, amma bakin malanta yana nan daram. Shi ne babba a cikin dattawan ɗan cocinmu da ke bakin gari ta hanyar Aliero, kuma shi ya tsaya a kan gininsa tun daga tushe har katanga.

Bara na yi gangancin saya masa babbar waya. Cikin wata guda ya gano masu wa'azin ƙarshen zamani, ya dawo mana da magana ɗaya safe da yamma: an yi annabci cewa hukunci daga gidan Allah zai fara. Har takarda ya samu ya jera waɗanda abin zai fara ci. Akwai samarin da ke kaɗa ganga kamar a gidan biki, akwai mata masu ƙarin gashi, akwai mawaƙan da ba sa zuwa sai an yi nisa da sujada. Ni ma, Rifkatu 'yar cikinsa, na samu shiga, saboda ina sa wando in hau babur. Da aka ba shi wa'azin Lahadin ƙarshen watan Afrilu, kowa ya sha jinin jikinsa.

Ana saura kwana huɗu ya ce in kai shi wurin Fasto Tamu. Faston yaro ne a kan Baba, amma ya karanta Ibrananci a makarantar tauhidi, Baba kuwa so yake a ƙara wa wa'azinsa nauyi da harshen annabawa. Muka same shi a gindin mangwaron da ke bayan coci.

Mangwaron nan ni da shi mun saba. Tun ina 'yar shekara tara, duk bazara Baba zai cika daro da 'ya'yansa ya ɗora mini in kai wa Inna Kaltume, maƙwabciyarmu Musulma, wadda lambun albasarta ke manne da katangar coci. A lokacin mijinta ya riga ya rasu. Takan karɓa ta ce, "An gode, Allah shi saka," ni kuma in dawo ina jin mu mutanen kirki ne ƙwarai.

Baba ya karanta wa Fasto takardarsa tsaf. Fasto ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Baba, bari mu fara tambayar yadda Ba'ibrane ya ji maganar nan ranar da aka faɗe ta. Shi ya san yadda ake zama a haikali. A wahayin da aka nuna wa ɗaya daga cikin annabawansu, masu zartar da hukunci ba su nufi masu zama a baya ba. Da dattawan da ke gaban ɗakin Allah suka fara."

Baba ya gyara tabarau. "To, a kan wane laifi?"

"Bautar gumaka na ciki. Amma abin da annabawan suke ta nanatawa shi ne mudun zamba, da danne haƙƙin ɗan ƙwadago, da matsar da iyakar gonar marayu da matar da mijinta ya mutu. A wurinsu gona gado ce, wanda ya taɓa iyaka ya taɓa zuriya. Kuma a al'adarsu, abin da ke tsakaninka da mutum ba a tsallake shi a kai gaban Allah. Ƙofar mutumin ake fara zuwa."

Na zuba ido in ga gardama, don Baba ba ya barin yaro ya rufe magana. Wani nunannen mangwaro ya faɗo dab da ƙafarsa, bai ko dube shi ba. Ya naɗe takardar ya sa a aljihu ya ce mu tafi gida.

Kwana biyu gidanmu ba wa'azi, har abin ya fara damu na. Ranar Asabar da hantsi ya ce in raka shi coci. Ya tsaya a jikin katangar baya, ya juya mata baya, ya fara taku yana ƙirgawa. A taku na biyar ya wuce mangwaron, a na bakwai ya tsaya.

"Nan iyakar take," in ji shi. "Shingen bini-da-zugu ne a nan. Shekarar da za mu yi katanga Malam Mukhtar mijin Kaltume ya rasu. Ta shiga takaba, wata huɗu da kwana goma ba ta leƙa lambu, yaranta kuma ƙanana. Na sa aka tumɓuke shingen aka ja igiya a can. Na ce wa kaina aikin Allah ne. Itacen nan ma Mukhtar ya dasa shi."

Gaskiya na ji haushinsa, na kuma ji kunyar kaina. Shekara ashirin da biyu ina ɗaukar kayan mace a ka ina kai mata kyauta. Na ce, "Baba, in ka faɗi wannan a coci, kujerarka ta dattawa a gaba ta tafi ke nan."

"Na sani," ya ce. "Mu je."

Mun tarar da Inna Kaltume a rumfa tana tsince ruɓaɓɓiyar albasa daga cikin mai kyau. Ta shimfiɗa wa Baba tabarma, ya ƙi hawa, ya tsuguna a ƙasa. Suka gaisa. Sai ya faɗa mata komai, bai rage ba, bai kuma yi wa abin ado ba. Ban taɓa jin ya yi magana gajera haka ba.

Ba ta daina tsintar albasarta ba. "Ai na sani, Malam. Ran da nif fita takaba nig ga itacen cikin katanga."

"Me ya hana ki magana?"

"Wa za ni kai ma ƙara? Kai ad da takarda, kai ka karantar da ɗiyana. Nic ce in bar ma Allah." Ta jefa wata albasa gefe, ta ɗago ta dube shi. "Ƙasar ba ta cin rai na awa godiyar. Shekara ashirin da biyu ina godiya bisa mangwaron mijina."

Baba ya sunkuyar da kai. Ya ce ta yafe masa. Ta ce, "A maido ma marayu abinsu tukuna, sannan mu yi wagga magana."

Ranar Lahadi coci ya cika, samarin ganga sun lafe a baya suna jiran rabonsu. Baba ya hau ya ce annabcin gaskiya ne, hukunci daga gida yake farawa, a cikin gidan ma daga kujerar gaba. Ya ba da labarin taku bakwai. Wa'azin da muka shirya wa awa biyu bai kai minti goma ba. Da ya sauko ya wuce kujerar dattawa, ya je can baya ya zauna kusa da masu ganga, su kuwa suka rasa inda za su sa idonsu.

Ba a rabu da daɗi ba. Wasu dattawan suka ce ya zubar da mutuncin ikilisiya a garin da dama mu 'yan kaɗan ne. Wani ya ce abin da ya wuce shekara ashirin ai ya zama tarihi. Fasto Tamu bai yi dogon bayani ba, ya ce shi dai ba zai iya wa'azi a cikin katangar nan ba yanzu da ya sani. Bayan mako biyu aka rushe ɓangaren baya. Baba da ciwon gwiwarsa ya yi ta jidar bulo tare da samarin da ya rubuta sunayensu. Ba a mayar da shi kujerar gaba ba, shi ma bai nema ba.

Mangwaro na gab da ƙarewa Inna Kaltume ta aiko a kira ni. Na same ta a gindin itacen, yanzu a cikin lambunta, ta cika daro har ya yi tozo. "Ɗiyata, kai ma Malam," ta ce.

Na kawo na dire a gabansa. Ya daɗe yana kallon daron.

"Koma ki ce an gode," ya ce. Har na kai ƙofa sai na ji yana laluben sandarsa. "Bari, Rifkatu. Wannan godiyar ni zan kai ta da ƙafata."