Rubutun Sha Ta Imel

Da Malam Abdurrahim na garin Boko ya san abin da allon nan zai jawo, da bai rungume shi ya hau acaɓa ba. Amma wata huɗu ke nan ɗansa Zakiyyu, soja, yana Darfur, kuma tun da rediyo ta ce an kai hari wani sansanin masu kiyaye zaman lafiya, yake ta neman jin muryarsa. Waya ba ta shiga. Abin da ya rage masa kawai adireshin imel ne da Zakiyyu ya bar masa a bayan kwalin shayi.

Ya sa limamin unguwarsu ya yi rubutun tsari, allo cike gaba da baya. Sai Kankia, shagon kwamfutar Dauda.

"Dauda, ga shi, tura mashi."

"Baba, allo ne fa. Katako ba ya bin waya."

"To hoton mutum ya aka yi yake bi? Mutum bai fi allo nauyi ba?"

Dauda ya karɓa. Ya kifa allon a kan na'urar ɗaukar hoton takardu, murfi ya ƙi rufuwa, Malam ya danne shi da gwiwar hannu yana bismilla. Hoto ya fito raɗau. Sannan Malam ya faɗi saƙo, Dauda na bugawa: Zakiyyu ya fitar da shi a takarda, ya wanke, ya sha kafin karin kumallo, ragowar ya shafe jiki.

"Baba, tawadar firinta fa ba ta ƙaro da gawayi ba ce."

"Ayoyin sun canja?"

"A'a."

"To tura."

Kullum Malam sai ya leƙo shagon, har masu shayin bakin titi suka fara ce masa Baban Intanet. Ran kwana tara amsa ta zo, amma daga wani Saje Umar. Ashe adireshin na ofishin rundunar ne, kowa buɗewa yake. Dauda ya karanta:

"Baba, mun gode ƙwarai. Mun ga ba daidai ba ne mutum ɗaya ya sha tsari ya bar sauran, sai muka fitar da kwafi sittin. Tawadar ba ta fita da ruwan sanyi, sai da muka dafa a tukunyar shayi. Har Emeka direba ya sha. Yanzu harshen kowa baƙi ƙirin, mutum goma sha ɗaya na layin bayan gida, tawadar firinta ta ƙare, Oga na neman wanda ya turo. Amma tun ranar ko tsakuwa ba a jefo mana ba. A ƙaro."

Malam ya kama gefen tebur. "Zakiyyu fa? Karanta ƙasa!"

Dauda ya matsa kusa da allon kwamfutar. "Ya ce Zakiyyu biyu gare su, dogo da gajere. Ɗaya ya sha kofi uku. Ɗayan an tura shi wani sansani tun kafin saƙon ya iso. Baba, naka wanne ne?"

Malam ya ɗaga hannu sama, ya sauke, ya sake ɗagawa kaɗan.

"Nawa tsaka-tsaki ne."

Sun sake turawa suna tambaya, sau uku. Har yau amsa ba ta zo ba, kuma Malam bai san ko nasa ne ya sha, ko shi aka tura ɗaya sansanin ba.