Hannun Dama a Marinar Ƙofar Mata

Dakta Sa'ida ba ta ɗaga murya idan ranta ya ɓaci, shi ya sa ɗaliban sashen kimiyyar lafiyar al'umma suka fi shakkarta a kan masu hargowa. Ta ture takardun gefe, ta cire tabarau, ta dubi Bahijja, ɗalibarta ta ajin ƙarshe.

"Mutum arba'in kika auna, ko?"

"E, Malama."

"Talatin da ɗaya a cikinsu oksijin ɗin jininsu bai kai casa'in ba. Ga wani nan ma tamanin da biyu. Bahijja, mai tamanin da biyu a gadon asibiti ake samunsa, da roba a hanci. Ba ya wuni a bakin rijiyar rini yana ɗaga shadda jiƙaƙƙiya. Ko dai na'urarki ta lalace, ko kuma a ɗaki kika zauna kika tsara lambobin nan."

Bahijja ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi. Ta buɗe baki, malamar ta ɗaga hannu.

"Farfesan da zai zo daga waje ya duba furojek ɗinku, saura kwana goma sha biyu ya iso. Ba zan sa hannu a kan wannan ba. Ki kawo mini bayanin da hankali zai ɗauka, in ba haka ba sai baɗi."

Sai baɗi. Wato 'yan ajinsu su sa rigar kammala digiri, ita kuwa ta koma ta sake shekara guda cur, da tabon ƙarya a kan sunanta. A cikin adaidaita sahun da ya kawo ta gida unguwar Kabara, hawaye kawai take gogewa da gefen hijabi.

Abin haushin shi ne ba ta yi ƙaryar ba. Mahaifinta, Malam Ilu, marini ne a Ƙofar Mata, haka ubansa, haka kakansa. Tun tana yarinya take jin tsamin ruwan shuni da toka a jikin rigarsa, shi ya sa da aka ce kowa ya zaɓi abin da zai yi bincike a kai, ta zaɓi numfashin marina. Wata biyu tana zarya da littafinta da 'yar na'urar nan da ake maƙala wa a yatsa ta nuna yawan oksijin a jini. Dattawan marinar kuwa suka yi mata kara, kowa ya goge hannu a ƙasan riga ya miƙo, suna tsokanarta da Likitar Karofi, wato likitar marina.

Kashegari ta aro na'ura biyu a wurin ƙawayenta, ta sa musu sababbin batura. Ta gwada a kanta, casa'in da takwas. Ta gwada a kan mai shayin bakin ƙofa, casa'in da bakwai. Ta gwada a kan Malam Garba, wanda ya fi kowa tsufa a marinar, duka ukun suka ce tamanin da uku. Shi kuwa tsohon nan yanzu ya gama matse turmin yadi shi kaɗai, ko haki ba ya yi.

"Me na'urar taki ta ce yau?" ya tambaye ta.

"Ta ce ba ka da lafiya, Baba Garba."

"To ki gaishe ta, ki ce na gode."

Aka yi dariya, ban da ita. Kwana uku ta yi tana wannan abu, lambobi ba su motsa ba. Ta daina cin abincin kirki, ta daina kula kowa a gida, har mahaifiyarta ta fara cewa wannan boko in zai haukata mutum gara a bar shi.

A rana ta huɗu, bayan azahar, ta kawo wa mahaifinta ɗanwake daga gida. Ya zauna a inuwar rumfa, ya cire safar robar da ke hannunsa na hagu, ya wanke hannu ya yi bisimilla. Haka marinan wurin suke aiki. Hagu ce ke shiga safa, ita ke riƙe yadi. Dama kuwa tsirara take shiga ruwa, domin da 'yan yatsu marini yake jin ko ruwan shuni ya nuna ko ya mutu, kuma babu wanda ya isa ya koya musu wata hanya.

Bahijja ta durƙusa gefensa da na'urar a hannu. Ba don tana sa ran komai ba, sai don zama haka nan ya fi ƙarfinta.

"Baba, bari in sake gwadawa."

"Ke dai ba kya gajiya. Ba kya ganin ina cin abinci?" Ya dubi hannunsa na dama da ke cikin mai da yaji. "To ungo wannan. Ki yi haƙuri da hagu."

Ta maƙala. Lambobi suka yi 'yar rawarsu suka tsaya a casa'in da bakwai.

Ta cire, ta sake maƙalawa. Casa'in da bakwai. Ta ɗauko buta da kanta ta ce, "Baba, don Allah wanke daman."

"Ban gama ba fa."

"Don Allah, Baba."

Ya wanke yana gunaguni. Dama ta ba da tamanin da huɗu. Mutum ɗaya, jini ɗaya, minti ɗaya. Ta jera hannuwan biyu a kan gwiwarsa tana kallo, kamar yau ta fara ganinsu. Farcen hagu fari ne tas. Na dama kuwa shuɗi ne har ya koma baƙi, shekara arba'in na shuni sun zauna a ciki. Nan take karatun aji biyu ya dawo mata: ita na'urar, jan haske take harbawa ta cikin farce da tsoka, ta ƙirga abin da ya fito ta ɗaya gefen. Shuni na shanye jan hasken, ita kuwa na'ura sai ta ɗauka jinin ne ya rasa iska.

Wata biyu tana auna mutum arba'in, ba wanda ya taɓa miƙo mata hagu, ita ma bai taɓa zuwar mata a rai ta nema ba. Wane dattijo ne zai miƙa wa 'yar mutane hagu? Wace 'ya mai tarbiyya ce za ta ce a ba ta?

Ta zauna daɓas a ƙasa tana dariya da hawaye tare. Malam Ilu ya ja kwanonsa ya ci gaba da ci, yana cewa Allah ya sawwaƙe.

Sake aunawar ba ta zo da sauƙi ba. "Hagu kuma, 'yar nan?" in ji Malam Garba, ya ɓoye hannu a bayansa. Sai da Malam Ilu ya bi su rijiya rijiya yana cewa ai magani ne, ba raini ba, sannan suka riƙa cire safa suna miƙowa, kowa da ba da haƙurinsa. Cikin kwana uku ta gama da su duka, dama da hagu. Mutum biyu ne kawai hagunsu ma ta nuna ƙasa, ta roƙe su su je asibiti.

Sannan ta roƙi abin da ya fi wuya. A Ƙofar Mata, mata a gida suke ƙulla zane da zare, maza ne ke tsomawa. Ta ce wa mahaifinta tana so ta sa yatsa ɗaya a rijiyarsa. Ya dube ta, sannan ya matsa gefe ya ba ta wuri. Kullum da hantsi sai ta zo ta tsoma manuniyarta ta dama, ta fitar ta sha iska, ta sake tsomawa, har farcen ya rine.

Dakta Sa'ida ta karanta sabon babin sau biyu, sannan ta sa hannu.

Ranar kare aiki, farfesan baƙo, wani gajeren dattijo mai saurin magana, ya bar ta ta yi bayani har ƙarshe. Sannan ya rufe kundin.

"Labarin ya yi daɗi. Amma ni ban je Ƙofar Mata ba, ban ga dattawan nan ba. Me zai sa in yarda?"

Bahijja ta fito da hannunta daga cikin hijabi. Ta maƙala na'urar a ɗan yatsanta na tsakiya, ta juya masa fuskar na'urar: casa'in da tara. Ta cire, ta mayar kan shuɗiyar manuniya. Tamanin da shida.

Farfesa ya taso daga kujerarsa, ya zagayo, ya ce ta sake. Ta sake. Ya karɓi na'urar ya gwada a nasa yatsan, ya mayar mata, ya tsaya yana gyaɗa kai.

"Kin san ma'anar wannan? Ranar da zazzaɓi ya kai ɗaya daga cikin mutanen nan asibiti, za a duba yatsansa a yi ta neman ciwon huhun da ba shi da shi." Ya juya wajen Dakta Sa'ida. "Wannan aikin kada ya tsaya a kan kanta yana shan ƙura. A gyara shi a buga."

Ya ja takarda ya rubuta maki, bai ma ɓoye ba. Bahijja ta hango harafin A.

A bakin ƙofa Dakta Sa'ida ta riƙo gefen hijabinta. "Na zarge ki da abin da ba ki yi ba," ta ce. "Ki yafe ni."

Bahijja ta fita ƙarƙashin bishiyar darbejiya ta kira mahaifinta. Wayar ta daɗe tana ƙara kafin ya ɗauka, da alama hannu yake gogewa.

"Baba, na gama. Na ci."

Sai ta ji muryarsa nesa da wayar.

"Garba, ajiye yadin nan ka zo ka ji. 'Yarku ta gama jami'a."