Kaskon Delphine

Tun da Delphine ta ji cewa Gudrun Halvorsen za ta zo gaishe ta, ta ɗauke kaskonta na tuya ta tura ƙarƙashin kujera.

Ba don tana zaton Baturiyar za ta yi sata ba. A wurin Lakota, ƙabilar su Delphine, duk abin da baƙo ya yaba a gidanka, nasa ne. Kaskon kuwa gadon uwarta ne, baƙi wuluk, da shi take soya burodin da ake kwatance da shi a duk yankin.

Suna yara, uban Gudrun ke da gidan cin abinci a gari, inda ba a barin Lakota su zauna a kujera. Yanzu ga ɗan Gudrun zai auri 'yar Delphine.

Gudrun ta shigo tana murza jakarta. Ta zo da niyyar gyara, kuma abin da ta iya kenan: yabo.

"Kai, wannan buta da kyau take!"

Delphine ta juye shayin a kofuna, ta miƙa mata butar.

"A'a, ba haka nake nufi ba!"

"Karɓi," in ji Orval, ƙanen Delphine, daga bakin ƙofa. "In kin ƙi, kin zage mu."

Kunya ta kama Gudrun. Don ta rufe kunyar, sai ta yaba agogon bango. Aka sauke shi. Ta yaba mayafi. Aka naɗe mata.

"Yaya," in ji Orval, "in tashi? Kar ta yabe ni."

"Zauna. Babu mai yabonka."

Aka kawo burodi. Gudrun ta gutsura, ta lumshe ido.

"A me kike soya shi?"

Delphine ta kalli rufin ɗaki. Orval, ɗan banza, ya tura leɓe ya nuna ƙarƙashin kujera. Ba yadda Delphine za ta yi, ta janyo kaskon ta ɗora a cinya, tana shafa bakinsa kamar mai sallama da jinjiri.

Gudrun ta buɗe baki. Sai ta dubi buta da agogo da mayafin da ke jibge a gabanta, ta dubi ƙusar da ta rage a bango, ta dubi hannun Delphine. Fuskarta ta yi ja har kunne.

"Tunda nake," ta ce a hankali, "ban taɓa ganin mummunan kasko irin wannan ba. Ko kyauta aka ba ni ba na so."

Sai dariya ta ƙwace wa Delphine, har da hawaye.

"Ƙara burodi, surukata. Gyara zama, kujera ba ta gagare mu ba a nan."

Gudrun ta sunkuyar da kai. Ta gane. Ta kuma gyara zaman.

Da za ta tafi, Delphine ta raka ta har bakin sabuwar motarta. Ta zagaya ta, ta shafa gefenta.

"Kai, wannan mota taki..."

Gudrun ta miƙo mata makulli.

Delphine ta bar ta haka ɗan lokaci.

"Muni gare ta," ta ce. "Ki zo da ita ran Lahadi, da buta. Ba ni da wata."