Wutar Babbaka

Tambaya ɗaya tal ce ta tsayar da Suhaila a fom ɗin shiga jami'a. Suna, ranar haihuwa, darussan da ta ci a shekara biyun da ta yi a ƙaramar kwalejin da ake fara karatu kafin a koma jami'a a ƙarasa, duk ta cike su kamar shan ruwa. Sai ga wani layi can ƙasa yana tambayar ko an taɓa samunta da laifi a kotu, ko ta taɓa amsa laifi da bakinta, ban da na tuƙi. Akwatuna biyu ne a gabansa, na e da na a'a. Kwana huɗu ta yi tana buɗe kwamfuta tana kallonsu tana rufewa.

Abin haushin shi ne fannin da take nema. Da a ce aikin jinya ne ko ilimin kwamfuta, wataƙila a ɗaga mata ƙafa. Amma ita digirin binciken laifuka da shari'a take so, irin karatun da ke fitar da jami'an kotu da masu bincike. Shekara biyu ta yi tana tsayuwa a kantin kayan abincin Afirka da ke titin Gate City Boulevard, tana auna garin rogo da manja da littafi a buɗe a gefen na'urar kuɗi, duk don wannan rana. Ga makinta ya yi kyau, ga malamai sun rubuta mata takardun yabo, ga kuma wannan layi ya tare hanya.

Asalin maganar kan rago ne. Ko in ce kawunan raguna, don guda biyar ne.

A nan garin Greensboro, a ƙasar Turawa, aka haifi Suhaila lokacin da mahaifinta ke karatu, aka koma da ita Zariya tana goye, sannan aka dawo da ita tana shekara sha biyar hannun yayar mahaifinta. Wannan baiwar Allah sunanta na yanka ya daɗe da ɓacewa, babba da yaro Gwaggo ake ce mata, har mijinta Alhaji Hudu. Ita ta riƙe Suhaila a gidansu na unguwar Pleasant Garden, ta ciyar da ita, ta yi jinyarta, ta yi mata faɗa iya son ranta.

Shekara uku da suka wuce, ranar Babbar Sallah, maza suka je wata gona a McLeansville suka yi yanka. Yawancin mutanenmu a gidajen haya na bene suke zaune, ba su da inda za su babbake kai da ƙafa, don haka a can suke baro su. Gwaggo kuwa ta ce ba da ita ba. "Layya babu farfesun kai da ƙafa? Ai rabin Sallah aka yi." Ta sa aka tattaro mata har na maƙwabta, ta kafa rabin ganga a bayan gida, ta jibga itace ta hura wuta. An yi makonni ba a ga ruwan sama ba, ciyawa duk ta bushe. Tana tsaka da ƙanƙare kai na biyu waya ta yi ƙara a falo, daga Kano. Gaisuwar Sallah kuwa ba ta da gajeriyar hanya. Ta gai da mai gida, ta gai da yara ɗaya bayan ɗaya, aka miƙa wa maƙwabciya ita ma ta yi nata. Kafin a kai ga "sai an jima" iska ta kwashi garwashi ta zuba a ciyawa, wuta ta bi ta cinye rabin katangar katakon maƙwabcinsu.

Ba wanda ya ji ciwo. 'Yan kwana-kwana suka kashe wutar, sannan ɗan sanda ya ciro ɗan littafinsa ya tambayi wanda ya hura ta. Alhaji Hudu, wanda in ya fara magana sai an roƙe shi ya yi shiru, ranar bakinsa ya mutu. A lokacin takardun zaman Gwaggo suna hannun hukuma ba a gama da su ba, kuma a wurin mutanenmu mai jiran takarda ko inuwar kotu ba ya son ta taɓa shi. Suhaila ta fito daga kicin hannunta duk ruwan kayan ciki. Ba wanda ya ce mata uffan. Alhaji ya dai dube ta, ya dubi matarsa da ke tsaye a jikin ƙofa. Ita Suhaila 'yar ƙasa ce, ba inda za a kora ta, kuma ina aka taɓa barin babba ya tozarta ga yaro a tsaye? Ta goge hannu a zani ta ce ita ce.

A kotu ko minti biyar ba a yi ba. Alƙali ya tambaya, ta amsa, aka ci tara, aka tashi. Jama'a suka yi ta sa mata albarka har ta fara jin kanta wata jaruma. A barandar kotun nan ne ma ta tarar da wata mata 'yar Maraɗi tana kuka da takarda a hannu, ba ta san ɗakin da za ta shiga ba, ta kama hannunta ta yi mata tafinta. Tun daga ranar ta ƙudura a ranta cewa a irin wannan gini za ta yi aiki.

A rana ta biyar ta danna akwatin e, don ta san in ta ce a'a bincike ɗaya zai tona ta. Bayan mako guda saƙo ya zo daga jami'a. An dakatar da takardunta sai ta kawo bayani a rubuce, ta kuma zo ganawa ranar Alhamis da ƙarfe goma.

Nan fa ido ya raina fata. A ajin ɗa'ar aiki malaminsu ya sha nanata musu cewa jami'in da aka taɓa kamawa da ƙarya ya gama yawo, don ba alƙalin da zai sake karɓar shaidarsa. In ta rubuta cewa ita ta hura wutar, ta ɗora ƙarya a kan ƙarya, kuma da ita za ta shiga ƙofar aikin. In ta rubuta gaskiya, ta ce kenan ta yaudari ɗan sanda da alƙali, ta kuma miƙa sunan Gwaggo a takarda, ga shi saura wata guda a kira Gwaggon ganawar zama 'yar ƙasa. Gaba kura, baya sayaki. Abinci ya daina shiga. A kanti ta miƙa wa wani Bayarabe daddawa a maimakon kanwa, sai da ya tambaye ta ko lafiya.

Ranar Laraba da la'asar ta sami Gwaggo a kicin tana yanka alayyahu, ta jingina waya da tulun mai, wata murya tana karanto mata tambayoyin jarrabawar zama 'yar ƙasa tana amsawa da ƙarfi kamar mai faɗa da wani.

"Gwaggo, sannu da aiki. Magana nake so mu yi."

"Ina jin ki. Transfer ɗin jami'ar ne? Sun amsa?"

"Sun tsayar da application ɗin. Record ɗina suka gani, maganar wutar nan. Gobe za su yi mini interview a kai."

Gwaggo ta ja tsaki ba ta ko ɗago ba. "Mutanen nan da tone-tone. Katangar da aka gyara tun yaushe? Ki ce musu ƙuruciya ce, ba da gangan kika yi ba."

Suhaila ta tsaya tana kallonta. An maimaita labarin a gidajen suna da walima har ya zauna daram a bakin kowa: wutar da Suhaila ta hura. Ashe har a bakin mai wutar ya zauna. Haushi take ji ko tausayi, ba ta tantance ba.

"Gwaggo," ta ce a hankali, "wa ya hura wutar?"

Wuƙar ta tsaya. Muryar wayar ta ci gaba da tambayar rassan gwamnati nawa ne, ba mai amsa mata. Gwaggo ta miƙa hannu ta kashe ta, ta jawo kujera ta zauna, sai a lokacin Suhaila ta lura da yadda matar ta tsufa.

"Kina tsammanin na manta?" Gwaggo ta ce. "Ba sallar da nake yi ban tuna ba. Ina faɗar haka ne don bakina ya saba, kar wata rana ya suɓuce a gaban mutane in ja miki." Ta murza bakin mayafinta. "Karatun nan naki ba a shigarsa da ƙarya, ko?"

"Haka suka ce."

"To ki faɗa musu. Wallahi da zuciya ɗaya nake gaya miki. Ki ce gwaggonki ce, tsohuwar banza mai kwaɗayin kan rago. In citizenship ɗin ya lalace ya lalace. Kano ba baƙon wuri ba ne a gare ni, ke kuwa yanzu kika fara rayuwa."

Da faɗa ta yi, da Suhaila ta sami abin riƙewa. Da ta ce kar ki kuskura ki tona mini asiri, da Suhaila ta ji haushin da zai ba ta ƙarfin rubuta gaskiya. Amma matar ta buɗe mata ƙofa ne, ta koma ta ɗauki wuƙa tana yanka, alayyahun na zubewa ƙasa. Suhaila ta durƙusa ta tsince ganyen, ta ce Allah ya bar mana ke, ta shige ɗaki ta zauna gaban kwamfuta. Kafin magariba ta gama rubutun, shafi ɗaya.

Washegari tun tara da kwata tana harabar jami'a. Ta zagaya sau uku kafin ta sami wurin ajiye mota, ta ɓata a bene na biyu, ta shiga banɗaki ta gyara hijabi ba don ya karkace ba. A kujerar jira ta karanta duk addu'ar da ta sani, wasu ma sau biyu.

Wanda ya kira ta wani dattijon Bature ne mai furfura, ya ce sunansa Malachy, ya yi shekara ashirin yana aiki da kotu kafin ya dawo jami'a. Wannan bayani bai ƙara mata komai ba sai faɗuwar gaba, don irinsu ne ke gane maƙaryaci tun daga yadda ya zauna. Ya sa tabarau ya karanta shafin nata a nitse, yana bin layi da yatsa.

"Kawunan raguna," ya ce da Turanci, yana ɗan murmushi. "Me ake yi da su a wuta?"

Ta yi masa bayanin babbaka, yadda ake ƙone gashin a ƙanƙare da wuƙa a wanke kafin a dafa. Wannan kam gaskiya ce zalla, muryarta ta fita sumul.

"Ke kaɗai ce a wurin wutar?"

Ga ta nan, ta zo. Ta ga Gwaggo a kujerar kicin, ta ga kuma malaminsu a gaban allo yana ɗaga yatsa.

"Ni kaɗai ce," ta ce. "Na shiga amsa waya, na bar ta ba kowa."

Ya dube ta ta saman tabarau, kallon da ta ji kamar ya shekara. Ta jira ya ce a ina wayar take, wa ya kira, me ya sa rahoton ɗan sanda ya ce hannunta a jiƙe yake. Ta riga ta saddaƙar cewa yau asiri ya tonu, ita da Gwaggo duk sun tashi a tutar babu.

Sai ya ajiye takardar ya cire tabarau.

"Bari in gaya miki wani abu," ya ce. "A wannan kujerar na ji uzuri iri-iri. Abokina ne, ƙanena ne, ɗan sandan ne ba ya sona. Ke kina shekara sha tara aka tambaye ki, kika ce ni ce. Yau ma ba ki ɗora wa kowa ba. Darasi za mu iya koya wa kowa, amma gaskiya irin wannan ba mu da ajin koyar da ita. Zan rubuta cewa a ɗauke ki. Watan Agusta za ki fara, kuma duk darussanki na kwaleji za su biyo ki."

Abin da ta yi shekara biyu tana roƙo kenan a sujada. Ta jira farin cikin ya zo, bai zo ba. Kunya ce ta rufe ta tun daga kai har ƙafa, irin wadda ba ta taɓa ji ba ko a gaban alƙali, don alƙali dai tara ya ci ta, bai yabe ta ba.

"Na gode," ta ce.

"Saura abu ɗaya." Ya turo mata wata takarda da biro. "Ki sa hannu a nan, shaidar cewa duk abin da kika faɗa gaskiya ne. Ƙa'ida ce kawai. A wurinki ma na san ba sai an tambaya ba."

Suhaila ta karanta layin har ƙarshe, ta ɗauki biron ta rubuta sunanta cikakke. Hannunta ko rawa bai yi ba, kuma wannan ne ya fi komai ba ta tsoro.