Keken da ke Durƙusawa

Tun da ɓarin jikin Malam Mudi ya shanye, sau ɗaya ya je masallaci. A keken guragu aka tura shi. Da ya shiga sahu sai ya ga kansa sama da kowa. Ya dawo gida ya ce a jingine keken a zaure.

"Ba ni zama a kan mutane kamar alƙali," ya ce wa ɗansa Abdulbasit. "Ko a ƙasa tare da kowa, ko in yi sallata a ɗaki."

Abdulbasit bai daɗe da dawowa garinsu Ƙofa daga karatun injiniya ba. Yana ganin tsohon yana ramewa, magana ma ya rage. In aka bar shi a ɗakin nan, ba zai sake fita ba.

Abdulbasit ya tafi rumfar Sabo mai walda, ya zana masa abin da yake so a ƙasa: faffaɗan katako mai majingina, tayoyi huɗu, da hannu a baya. In an zare sakata, tayoyin su naɗe sama, katakon ya sauka ƙasa. In an danna hannun, ya tashi ya kulle.

Da buhun masara suka fara gwadawa. Sabo ya zare sakata, buhun ya faɗi tim, ya fashe.

"Injiniya, wannan ai asibiti za ka kai Baba, ba masallaci ba."

Abdulbasit bai yi dariya ba. Ya samo shokozoba na tsohon babur ya ɗaura a ƙarƙashi, saukar ta zama a hankali. Saura sakatar, wadda ke zamewa da an hau gargada. Ya sa mata sifirin, ya goge bakinta ya yi tsini, yadda za ta faɗa raminta da kanta, nauyin mai zama kuma ya ƙara danne ta. Sannan ya ɗora Sabo, ya tura shi a guje cikin kunyoyin wata gona.

"Tsaya, don Allah! Ina da iyali!"

Sakatar ba ta motsa ba.

Ranar Juma'a aka fito da keken tsakar gida. Malam Mudi ya daɗe yana kallonsa.

"Wa ya hau?"

"Sabo, Baba."

"In ya ɗauki tumbin Sabo, ni me nake da shi? Ɗaga ni."

Akwai kwata a kan hanyar masallaci. Tayoyin gaba suka faɗa, keken ya girgiza, tsohon ya damƙe gefen katako da hannunsa mai lafiya. Abdulbasit ya leƙa ƙasa. Sakatar tana nan a raminta.

A ƙarshen sahu ya tsaya, ya zare ta. Keken ya sauka sannu a hankali har ya taɓa ƙasa. Dattijon da ke kusa ya matso ba tare da ya waiwayo ba. Sai a lokacin Abdulbasit ya nemi nasa wurin.

Bayan sallama tsofaffi suka kewaye Malam Mudi, ana gaisawa, ana tsokanarsa wai ya sayi raƙumi. Abdulbasit ya kama hannun keken zai ɗaga.

"Kai, sake shi," in ji tsohon. "Je ka abinka. Bayan la'asar ka zo ka ɗauke ni."